Wa Ke da Tambayar? Nazari a Kan Katikisim da Tarbiyyar Yaran Kirista

A cikin littattafan da ake koya wa yara addini da su, katikisim yana da tsari na daban. Littafin tambaya da amsa ne, amma wanda ya sani shi ke tambaya, wanda bai sani ba shi ke amsawa. Malami ya jefa tambaya a kan wanda ya halicci mutum, ko a kan abin da baftisma ke nufi, sai yara su ɗaga murya baki ɗaya su mayar masa da amsar da aka riga aka rubuta musu. Malamin bai ƙirƙiro tambayar ba, yaran ba su nemo amsar ba. Duka biyun a buge suka zo, kuma sau da yawa wanda ya tsara su ya kwanta dama tun shekaru ɗari huɗu da suka wuce, a wata ƙasa can ta Turai. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin wanda ya haddace sifofin Allah yana ƙarami, ya bi ta Ƙawa'idi da Ahalari kafin ya san zurfin abin da ke cikinsu, ya san irin wannan karatu. Abin da ya bambanta katikisim shi ne an ɗaure kowace amsa da tambayarta, kuma a wajen tambayar nan ne nake ganin ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu.

Asalin abin ba na yara ba ne. A ƙarnonin farko na Ikilisiya, manya ne ke shigowa daga bautar gumaka, kuma a wasu wurare mutum yakan yi har shekara uku yana karɓar koyarwa kafin a yi masa baftisma. Da ka ake ba shi Shaidar Bangaskiya, ba a rubuce ba, ya je ya haddace, ya dawo ya biya a gaban bishop gab da bikin Ista. Darussan da Siril na Urushalima ya bayar wajen shekarar 350 suna nan har yau, kuma wa'azi ne ga manya. Wajen shekarar 400 wani dikin a birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, mai suna Deogratias, ya kai kuka ga Agustin bishop na Hippo cewa shi kansa koyarwar tana gundurarsa, balle masu sauraro. Agustin ya amsa masa da littafi sukutum. Ya ce a fara da tambayar mutum abin da ya kawo shi, a ba shi labarin ayyukan Allah tun daga halitta, malami ya saki fuska, in kuma ya ga mai sauraro ya fara hamma ya ba shi wurin zama ko ya faɗi abin da zai wartsakar da shi. Wato ƙorafin cewa ajin baftisma na sa barci ya girmi littafin katikisim da fiye da shekara dubu.

Littafin kamar yadda muka san shi ɗan ƙarni na 16 ne, kuma injin ɗab'i ne ya goya shi. A 1528 Martin Luther ya shiga cikin tawagar da ta zagaya ƙauyukan Saksoniya a Jamus don duba halin da coci-coci ke ciki. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali: talakawa an yi musu baftisma, suna cin Jibin Ubangiji, amma ba su iya Addu'ar Ubangiji ba, ba su san Dokoki Goma ba, kuma limamai da yawa ba su fi su ba. A 1529 ya fitar da katikisim biyu, babba na malamai da ƙarami na gida. Ƙaramin ma da farko a manyan takardu aka buga shi don a manna a bango. Ya jera Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, baftisma da Jibin Ubangiji, kowane yanki da tambaya a kan ma'anarsa da amsa gajeriya. Wanda ya ɗora wa nauyin koyarwar shi ne maigida, ya tara 'ya'yansa da barorinsa ya karantar da su.

Gabatarwar da ya rubuta wa ƙaramin littafin ta cancanci a tsaya a kanta, domin duk gardamar da ake yi yau a kan hadda tana ciki. Mataki uku ya shimfiɗa. Na farko, a zaɓi lafazi ɗaya a tsaya a kansa, kada malami ya canja ko harafi daga bana zuwa baɗi, saboda canje-canje na rikita yaro. Na biyu, in kalmomin sun zauna, a koya masa ma'anarsu, ba tare da gaggawa ba. Na uku, a ɗauko babban littafin a faɗaɗa masa. Akwai kuma inda ya yi tsauri ƙwarai, har ya ce wanda ya ƙi koyo iyayensa ko iyayen gidansa su hana shi abinci. Wannan ɓangaren ba wanda ke kare shi yanzu. Amma matakan uku suna nuna cewa shi kansa mai littafin bai ɗauki hadda a matsayin ƙarshen aiki ba. Ita ce dai aka fi iya aunawa, shi ya sa aka fi tsayawa a kanta. Malami zai iya tantance yara arba'in cikin awa guda in biya kawai za su yi. In kuwa fahimta zai auna, sai ya zauna da kowane ɗaya.

Daga nan sai kowace ɗarika ta fito da nata. Calvin ya rubuta na Geneva a 1542, aka wajabta wa iyaye kai yara aji kowace Lahadi da tsakar rana. Na Heidelberg ya fito a 1563 da tambayoyi 129, aka raba su gida 52 don a gama su cikin Lahadin shekara guda. Na Westminster ƙarami, mai tambayoyi 107, an kammala shi a 1647. Katolika ba su zauna ba: Peter Canisius ya fitar da nasa a 1555, ya biyo da ƙanana na yara, sannan Roma ta buga na limamai a 1566.

Tambayar farko ta kowannensu tana bayyana halinsa. Na Angilikan, wanda ke cikin littafin addu'a tun 1549, da tambayar yaro sunansa yake farawa, sannan wanda ya raɗa masa, don a tuna masa alkawarin da aka ɗauka a madadinsa ranar baftisma. Na Westminster yana farawa da dalilin da ya sa aka halicci mutum. Na Heidelberg kuwa da abin da ke sanyaya zuciyar mutum a rayuwa da mutuwa ya buɗe, kuma amsar tana magana da bakin yaron kansa. A ganina wannan ya fi sauran sanin ɗan Adam, ko da yake amsoshinsa sun yi wa ɗan shekara takwas tsawo.

Shin abin ya yi aiki? Wani masanin tarihi, Gerald Strauss, ya bi rahotannin masu zagayen duba coci-coci a Jamus, ya wallafa littafi a 1978 yana cewa bayan shekaru masu yawa ana wannan karatu, masu dubawa sun ci gaba da tarar da yaran da ke zuba amsa tiryan-tiryan, amma da an juya tambayar kaɗan sai su yi tsit. Wasu masana sun ja da shi, suka ce mai zagayen dubawa laifi yake nema, laifi kuma yake rubutawa. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, duk wanda ya taɓa riƙe ajin yara ya san wannan shirun. Tambayi yaro yadda littafi ya tsara, amsa ta zo kamar da bakin ƙwarya. Ce masa, "To, ɗana, faɗa mini da bakinka, me ake nufi da alheri?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba mu zo wurin ba."

Duk da haka ban bi masu cewa a jefar da hadda ba. An gwada. Tun farkon ƙarni na 20 malaman Katolika a Munich suka fara cewa a fara da labari ko misali, a ƙare da ƙa'ida. A 1936 Josef Jungmann ya soki koyarwar da ta mayar da bishara jerin ma'anoni. Bayan babban taron Vatican na biyu, wanda aka rufe a 1965, makarantun Katolika da yawa a Amurka suka ajiye katikisim na Baltimore da aka yi amfani da shi tun 1885, suka koma hira da zane-zane da tambayar yaro yadda yake ji. Ba a jima ba iyaye suka fara kukan cewa 'ya'yansu sun tashi ba su iya jera Dokoki Goma ba. A 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya fito ya ce a dawo da haddar muhimman ayoyi da addu'o'i da ƙa'idoji, muddin za a haɗa da fahimta. A 1992 aka fitar da babban katikisim mai sakin layi 2,865, a 2005 kuma aka taƙaita shi, aka koma tsohon salon tambaya da amsa, guda 598. Furotesta ma haka: a 2012 aka fito da wani sabo a New York mai tambayoyi 52, da gajerun amsoshi na yara. Dalilin komawar a fili yake. Yaro yana da ƙarfin riƙe kalma tun kafin ya sami ƙarfin auna ta, kuma akwai ranar da mutum ba ya iya tsara tunani, a gadon asibiti ko a bakin kabari, sai abin da ya haddace ne ke zuwa bakinsa. Fastoci da ke ziyarar tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ta raunana sun san cewa mutum yakan manta sunan jikansa amma ya bi Addu'ar Ubangiji har ƙarshe.

Matsalar da ta fi damuna tana wajen tambayoyin. Iyaye kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, sai dai maganar ba ta faɗi ina za a tanƙwara shi ba, ko hannun wa ke yi. Wanda ya tsara tambaya ya riga ya zaɓi abin da yaro zai ɗauka da muhimmanci, ya kuma zaɓi abin da ba za a taɓa tayarwa ba. Katikisim na ƙarni na 16 an rubuta su ana tsakiyar rigima, kuma rigimar ta shiga bakin yara. Tambaya ta 80 a na Heidelberg, wadda aka cusa bayan bugun farko, ta la'anci Misar Katolika ta kira ta bautar gumaka. Yara sun yi ta biya wannan shekara da shekaru, sai a 2006 wata babbar ɗarikar Reformed a Arewacin Amurka ta sa wannan yankin cikin baka, ta ce bai dace da abin da Katolika ke koyarwa a yau ba. Mafi muni shi ne abin da aka yi a kudancin Amurka zamanin bauta. A shekarun 1830 wani fasto a jihar Jojiya, Charles Colcock Jones, ya rubuta katikisim don bayi baƙar fata, wanda ake biya musu da baki tun da doka ta hana a koya musu karatu. A ciki an koya musu cewa biyayya ga ubangida wajibi ne, gudu kuma laifi. Ba a sa tambayar ko ya halatta a sayar da uwa a raba ta da ɗanta ba. Salon tambaya da amsa ya yi wa wannan aika-aika daidai, domin ba shi da gurbin da mai amsawa zai ɗaga hannu ya kawo tasa.

A Afirka katikisim yakan riga Littafi Mai Tsarki isowa cikin harshen mutane, saboda gajere ne, fassararsa ba ta cin shekaru. Littafi mafi daɗewa da ya rage a wani harshen Bantu katikisim ne na Kikongo da aka buga a Lisbon a 1624. A ƙasarmu kuwa kowace mishan da gadonta ta zo. Mishan ɗin SUM ta sauka a Wase a 1904, limaman Katolika na SMA suka kafa a Shendam a 1907, Dokta Niels Brønnum ɗan Denmark ya isa Numan a 1913, daga nan cocin Lutheran ya tsiro da ƙaramin littafin Luther. Tibi da mutanen yankin Takum, inda Johanna Veenstra ta yi aiki, sun gaji na Heidelberg ta hannun mishan ɗin Reformed. Angilikan na Zariya, inda Dokta Walter Miller ya zauna, da na Wusasa suna da na littafin addu'arsu. ECWA da Baptist da EYN, waɗanda ba sa yi wa jarirai baftisma, nasu yakan zo ne a makarantar Lahadi da ajin baftisma, lokacin da yaro ya fara mallakar hankalinsa. Masu yi wa jarirai kuwa, karatun yana zuwa ne kafin cin Jibi na farko ko kafin bishop ya ɗora wa yaro hannu. A Katolika, tun 1910 Fafaroma Pius na Goma ya sauko da shekarun cin Jibi na farko zuwa wajen bakwai, wanda ke nufin ɗan aji biyu na firamare ne ake so ya yi bayanin abin da malaman tauhidi suka yi ƙarnoni suna muhawara a kai.

Sai kuma batun harshe, wanda ya ninka nauyin. Bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen coci a wurare da yawa na Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Bauchi. Yaron da ke jin Birom ko Bura ko Bachama a gida, da Hausa yake biya katikisim, littafin da aka juyo daga Ingilishi, shi ma wani lokaci daga Jamusanci ko Latin. Yau a birane irin su Jos da Kaduna an sake tsallakawa zuwa Ingilishi, har yaro ya iya biya amsa da harshen da kakarsa ba ta ji, ita kuma ba za ta iya tambayarsa ma'ana ba. A nan ne aikin da Luther ya ba maigida ya kuɓuce daga gida gaba ɗaya. Ya koma hannun malamin makarantar Lahadi, wanda sau da yawa matashi ne ɗan sa-kai, ko hannun katikis.

Katikis ɗin nan ba a ba shi haƙƙinsa a tarihi ba. A ƙauyen da Fada ba ya zuwa sai bayan makonni, shi ke buga ƙararrawa, ya ja sujada, ya koyar da yara, ya binne mamaci, sannan ya tafi gonarsa don abin da ake ba shi ba ya riƙe gida. Yawancin ikilisiyoyin karkara a hannun irinsa suka tashi. Sai a 2021 Fafaroma Francis ya mayar da aikin muƙami na musamman da ake naɗa mutum a kai. Shi Baba katikis ya fi kowa sanin abin da yara ke tambaya bayan an rufe littafi, domin shi ake tsarewa a hanya.

Tambayoyin kuwa ba su cikin na Heidelberg ko na Westminster, kuma ba laifin marubutan ba ne, ba a nan suka rayu ba. Yarinya a Zariya ko Gombe tana zama benci ɗaya da ƙawarta Musulma, wadda za ta tambaye ta cikin gaskiya da son sani: yaya Allah zai kasance da ɗa, kuma ku alloli uku kuke bauta wa? Amsar Triniti da ta haddace daidai take bisa koyarwar Ikilisiya, amma an tsara ta ne don yaron da duk garinsu Kirista ne, ba ta koya mata yadda za ta yi bayani da ladabi ba tare da faɗa ko jin kunya ba. Yaro a ƙauye yana jin ana cewa mayu ne suka cinye ƙanensa, ana nuna wata tsohuwa da baki. Wani yana ganin kawunsa na zuwa coci da safe, da dare ya nufi wurin boka. Wani kuma an ƙona cocinsu, ko an kashe mahaifinsa a gona, ga shi ana sa shi ya biya dokar da ta hana kisa da roƙon gafara kamar yadda yake gafarta wa wasu. Yana so ya san ko ramuwa zunubi ce, ko kare kai ya halatta, ko duk wanda ke wancan addinin maƙiyinsa ne. In aji bai taɓa waɗannan ba, zai samo amsarsu a wani wuri, a bakin abokai ko a wayar yayansa, kuma wannan amsar ce za ta bi shi, ko da ya ci jarrabawar baftisma ba kuskure ko ɗaya.

Abin lura shi ne, a Littafi Mai Tsarki kansa tsarin a juye yake. A Fitowa sura 12, wajen Idin Ƙetarewa, da Maimaitawar Shari'a sura 6, yaro ne ke tambayar ma'anar abin da ya ga ana yi, uba kuma ya amsa da labarin fitowa daga Masar. Sofia Cavalletti, wata masaniyar Ibrananci a Roma, ta gina hanyarta a kan irin wannan tun 1954, tare da Gianna Gobbi wadda ta ƙware a tsarin Montessori. Ana ba yara 'yan shekara uku zuwa sama ƙananan siffofin makiyayi da tumaki da teburin Jibi, a karanta musu misalin, a bar su su yi ta juya abin har tambaya ta fito daga gare su. Hanya ce mai kyau, amma tana son ɗaki na musamman, da kaya, da malami mai horo, da yara kaɗan. Cocin ƙauye mai yara tamanin a gindin mangwaro ba zai iya ba, kuma wannan ma na cikin dalilan da suka sa littafin tambaya da amsa ya daɗe: shi ne mafi araha, kwafi ɗaya ya ishi aji.

Abin da za a iya, ba tare da an kashe wani abin kirki ba, shi ne a bi sawun abin da Luther ya yi kafin ya ɗauki alƙalami, wato zagaye. Majalisar ɗarika ta sa katikis da malaman makarantar Lahadi su rubuta tambayoyin da yara ke kawo musu har shekara guda, da Hausar da yaran suka yi su, a tace, a ƙara su a kan Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji, waɗanda ba mai cewa a taɓa su. Wahalar ba a tara tambayoyin take ba. Ranar da aka zauna rubuta amsa mai layi biyu a kan maita, ko a kan kare kai, ko a kan makomar maƙwabci Musulmi mai kirki, za a tarar fastocin ɗarika ɗaya ma bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma sai sun fara daidaitawa a tsakaninsu kafin a kai wa yara.